Faratan Malam Gide

Malam Gide na Pauwa ba likita ba ne. Ya dai taɓa riƙe wa wani likitan dabbobi igiya a Ƙanƙara, yana riƙo yana satar kallo, har ya ɗauke sana'ar. Sirrinta wani gishiri ne baƙi-baƙi mai ƙyalli, wai shi famanganet. A tsunkuli kaɗan a jefa a bokiti, ruwa ya rine ja-ja shuɗi-shuɗi, a wanke wa saniya ruɓaɓɓen kofato. In ya yi yawa ya ci fata. Ya taɓa haɗuwa da man gilisirin na matarsa Larai, ya kama da wuta ba ashana, tabarma guda ta yi shahada. Wanda kuwa ya tsoma hannu zai fito da shi launin makuba, kowa ya san aikin da ya yi.

Da can launin nan talla ne. Sai ɓarayin daji suka kwashe shanun unguwarsu kaf. Shekara biyu hannun Gide fes, kamar na ango.

Ranar Talata yana noma, mutum uku suka tsaya kansa da babura da bindigogi, suka kira shi da sunansa. Ɓarayin dajin ne, wai damina ta ruɓar da kofaton shanunsu, har gishirin sun tanada. Ya roƙi safar hannu, suka yi dariya. Yini ya yi a daji yana wanki. Da za su sake shi suka ce in ya yi magana za su ji.

Larai ta dubi hannun, ta dafe ƙirji. "Malam, garin da ba ko maraƙi, shanun wa za ka ce ka wanke?"

"Sai in ce naki."

"Kaza biyu gare ni!"

Suka sa toka, suka sa dutsen goge kaushi, suka matse lemun tsami. Fata ta ɗan washe. Farata ko gezau, sai dai sabbi su tsiro. In 'yan sa-kai suka gani, sunansa mai yi wa ɓarayi aiki, irin wannan kuwa ba a cika sauraron bayaninsa ba.

Sai ya yi dabara: ya kwanta, a ce zazzaɓi ne, kada kowa ya gan shi. Ya manta mutanen Pauwa ba sa barin mara lafiya ya huta. Ana saukowa daga Juma'a zaure ya cika da masu dubiya. Na gaba Jabiru ne, ɗan ƙanwarsa, shugaban 'yan sa-kai, bindiga rataye a kafaɗa.

"Kawu, kai da ko mura ke tsoronka? Sannu!"

Ya durƙusa ya miƙo hannu biyu. Gide ya ƙara cusa nasa cikin mayafi, ya ce da sauƙi. Jabiru bai janye hannunsa ba.