Cokalin da Ya Riƙe Gidanmu

Jiya a gidanmu da ke unguwar Rikoto na baje kayan fatsar da na sayo, sanda da ƙugiyoyi da kifayen roba, na rasa wanda zan ɗaura. Kakata, wadda ta daina gani, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya ta ture. Sai ta sa aka ɗauko mata wani tsohon kan cokali mai ƙugiya a jiki.

Na ce, "Kaka, wannan fa?"

Ta ce, "Na babana ne. Farkon zuwan Turawa Zuru, fara ta cinye gero, gida ba ko tsaba. Ya tsinci cokalin nan bayan barikinsu, ya goge shi da toka, ya ɗaura masa ƙugiya ya jefa a gulbi. Giwan ruwa ya ga ƙyalli, ya zaci ƙaramin kifi ne, ya haɗiye. Da cokalin nan babana ya ciyar da gida har aka yi girbi."

Na daɗe ina juya shi a tafin hannuna. Da ɗan ƙarfen nan ya ɓace a ruwa, wataƙila da ba a haifi Kaka ba, balle ni.

Ku fa, wane tsohon abu kuka raina a gida kafin ku ji labarinsa?