Ranar da Na Mai da Ruwa Sama

Kawuna ne ya fara kawo talabijin ƙauyenmu, can tsakanin Isa da Sabon Birni. Ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Maraɗi ya dawo da wasu, to a wata dawowar ya sauke akwatin, da na'urar bidiyo, da ɗan injin wuta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Shekara ta biyu ke nan ta fari. Ni da innata muna zaune gidansa tun rasuwar babana, shekaruna ba su wuce tara ba, kuma ni ke share zauren da aka girke akwatin.

Kaset uku kacal gare shi, duk na kamfani ɗaya. Yau in ka kashe ni ba za ni iya gaya maka labarin finafinan ba, amma tambarin da ke fitowa kafin fim ya fara, wannan har kabarina. Allo zai yi baƙi ƙirin. Sai gajimare ya taso daga gefe ya haɗa hadari, tsawa ta fashe, ruwa ya sauko bisa wata ƙasa da ta dare irin ta fadamarmu. Tsiro ya ɓullo kore shar, ganyayensa su lanƙwashe su zama baƙaƙen boko. Duka-duka bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Mu ba mu san kalmar tambari ba, sai muka raɗa masa suna sallama, tunda shi ke fara shigowa.

Da rana ake kallo, bayan azahar, a toshe taga da buhu. Magidanta da suka binne iri sau biyu a busasshiyar ƙasa su cika zauren, kuma wallahi sallamar suke zuwa gani. In ruwan ya sauko sai ka ji zauren ya yi tsit, wani ya sauke numfashi, wani ya ce Allah ka ba mu irin wanga. Sau da yawa sukan roƙi Kawu ya tariyo. Shi kuwa yana da tsarinsa: ya fara kashe hoton, allo ya koma shuɗi, sannan ya danna wani maɓalli, na'urar ta yi gurnani, ya sake kunnawa. Ina gefe ina lura da yatsansa.

Kwana biyu bayan an fita sallar roƙon ruwa, hadari na gaskiya ya taso daga gabas. Ana tsakar kallo wani ya leƙo ya faɗa, zauren ya watse, har Kawu ya fita ba takalmi, ya bar komai a kunne. Ni ban fita ba, don rigima irin tawa. Na ce yau dai za ni ga sallama ni kaɗai, ba kan kowa gabana. Fim bai yi nisa ba. Na miƙa yatsa na danna maɓallin, ban kashe hoton ba.

Mutanen fim suka fara tafiya da baya da sauri, na yi dariya. Sai ga baƙaƙen bokon nan. Suka warware suka koma ganye, tsiron ya ƙanƙance ya nutse cikin ƙasa. Daga nan ruwa ya fara tashi. Da idona na ga ɗigo yana fita daga ƙasa yana hawa sama, ƙasar tana bushewa tana darewa, gajimaren ya haɗiye ruwan tas, ya rarrabu, ya fice ta gefen da ya shigo. Allo ya yi baƙi.

Na fito ƙofar gida da gudu, na tarar iska ta taso, tana kwasar kara da tsummoki. Mutane na tsaye cirko-cirko, kai a sama. Hadarin nan da ya rufe gabas yana yayyagewa a gabanmu, kafin la'asar sama ta yi fes, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Wata mata ta zauna daɓas tana kuka. Ni kuwa na ɓoye hannuna na dama cikin zane, don na san abin da ya aikata.

A wajenmu, in hadari ya haɗu ya watse haka, akan ce wani ya ɗaure ruwa, wato wani mai buƙatar rana ya yi asiri ya hana shi sauka. Ba a kwana biyu ba aka samo mai laifi. Wata tsohuwa ce maginiyar tukwane, da ta zo daga hayin iyaka tun wata yunwa ta baya, ba miji ba ɗa, tana zaune a bukka bayan gidanmu. Ranar hadarin tana da ɗanyun tukwane a shanya, kuma wani ya rantse ya gan ta tana ɗaga hannu sama tana magana. To mai ɗanyun tukwane ta ga hadari, me ake so ta yi, guɗa? Amma magana ta riga ta fita. Liman ya yi faɗa a masallaci, ya ce ruwa na Allah ne, babu mahalukin da ke riƙe da igiyarsa. Aka ce na'am, aka fito aka ci gaba. Mai jin yunwa kunnensa a ciki yake.

Tsohuwar nan ta saba da ni. Takan bar ni in taka mata yumɓu, in na yi ɓarna ta ce ƙafafuna na agwagwa ne. Yanzu mata suka daina sayen tukwanenta, in ta zo rijiya a janye guga. Yara suna binta da jifa. Ni ina gani, na san duk dutsen da ya same ta nawa ne. Tsoro ya hana ni cin tuwo, ga shi tuwon ma ba yawa gare shi ba. Na yi ta naci Kawu ya sa sallama, ina zaton in ruwan ya sauka daidai sau da yawa zai gyara abin da na ɓata. Aka sa, aka sake sawa, har man injin ya kusa ƙarewa, sama ko gezau. Rannan ta kira ni bakin rijiya in ɗora mata tulu, na yi kamar ban ji ba, na ruga gida. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Da wata safiya samari suka shiga bukkarta suka farfasa tukwanen, ɗanye da gasasshe. Daga tsakar gidanmu muna jin ƙarar. Aka ce an ba ta zuwa ranar kasuwa ta bar garin. A nan na kasa. Na faɗa jikin Inna ina kuka, na gaya mata komai, tun daga maɓallin har ruwan da ya koma sama.

Ta ja ni zuwa wurin Kawu. Ya saurara, sannan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ta da injin da ɗan sauran man, ya danna, ruwa ya hau, ya danna, ruwa ya sauko, ya ce hoto ne kawai da wasu suka zana can wata ƙasa don a san fim ɗinsu, ko sau dubu aka juya shi sama ba ta sani ba. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. Sai na ce to ya fita ya nuna wa mutane, su ga ni ce na yi, su ga kuma ba komai ba ne, a ƙyale tsohuwa.

Dariyar ta tsaya. Ya dubi Inna, Inna ta dube shi. Ya ce mutanen da suka yarda tukunya na ɗaure ruwa, in suka ga akwati na mai da ruwa sama, kuma a ranar hadarin aka yi, ba bayani za su tsaya ji ba. Ya ce gidan nan za su cinna wa wuta. Ya tashi ya kashe injin, ya rufe akwatin da bargo.

Inna ta durƙusa ta kama kunnena, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Ki kama bakinki. Ita baƙuwa ta, tana da inda za ta. Ke ina za ki?”

Na kama bakina. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne idon Inna, don na ga ita ma ba ta gama yarda hoto ne ba.

Ranar kasuwa da hantsi tsohuwar ta biyo ta ƙofar gidanmu, ƙunshin tsumma a ka, sanda a hannu, goshinta da kumburi. Ta yi sallama ta roƙi ruwan hanya. Inna ta cika mata gora ba ta ɗaga ido ba. Ina tsaye jikin ƙyaure, hannun Inna bisa kafaɗata.

Tsohuwar ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, ba ki raka ni bakin gari?”

Faratan Inna suka nutse cikin kafaɗata. Na ce ƙafata ke ciwo.

Ta sunkuya da ƙyar, ta dubi ƙafar, ta ce in sa Inna ta gasa mini da ruwan ɗumi, kada in bari ta kumbura. Ta yi mini Allah shi sawwaƙe, ta gyara ƙunshinta, ta kama hanyar arewa ita kaɗai.