Mai Turare a Bayan Masana'antar Fenti

Kawuna ya shekara talatin da biyu yana haɗa turare a shago ɗaya, ɗan ƙuƙut, kwalabe jere har rufi. Baba Mai Turare ake ce masa. In mace ta shigo da tsohon mayafi ta ce irin wannan ƙamshin take so, sau ɗaya zai sunsuna, ya sauko da kwalabe uku ko huɗu ya haɗa mata. Matarsa, da muke kira Inna, takan ce ita hancin ta aura, mutumin rakiya ya yo.

Sai aka buɗe masana'antar fenti a bayan layinsu, katanga ɗaya tsakani. Da an tayar da injuna da safe, wani wari mai yaji yake shigowa ta taga ya shaƙe maƙogwaro. Telan da ke kusa ya kama ciwon kai kullum. Mai aski ya kwashe kayansa ya tashi. Kawu ya toshe tagar da katako ya ci gaba da zama.

A shekara ta uku wata mata da ta daɗe tana saye a wurinsa ta dawo da kwalba.

"Baba, wannan ba nawa ba ne."

Ya buɗe ya kai hanci. Ya sake kaiwa. Bai ji komai ba, kamar ruwa ya sunsuna.

Likita ya ce tururin sinadarin fenti ne ya lalata masa jijiyoyin hanci, gara ya bar wurin ko Allah zai sa su farfaɗo.

"In koma ina, likita? A nan aka san ni."

Ni na rubuta wa mutanen layin takardar koke zuwa ofishin kula da muhalli, mutum goma sha ɗaya suka sa hannu. Sai bayan wata biyar wata jami'a ta zo da na'urar auna iska. Ranar kuwa injuna tsit, wai gyara ake yi. Ta auna, ta rubuta.

"'Yata, ki dawo gobe da ƙarfe tara ki ji," in ji Kawu.

"Baba, na'urar guda ce tal a ofishinmu, gobe wani wuri za a kai ta. Wallahi ina jin warin a jikin labulen nan. Amma abin da na'ura ta nuna shi doka take karɓa."

Ta ce za ta dawo. Kafin wata ya zagayo aka sauya mata wurin aiki.

Yanzu Inna ce ke zama gefensa a shago. Shi yake faɗin awo da ka, ita take sunsunawa, wani lokaci su dace, wani lokaci a dawo da kaya. Ita ma tari ya fara damunta.

Shekaranjiya na leƙa su. Ya tambaye ni ko an amsa takarda ta biyu da na rubuta. Na ce tukuna.

"To," ya ce. "Jawo ƙofar nan, sun tayar da injuna."

Sai da ya ga Inna ta kai mayafi hanci sannan ya sani.