Ƙashin da Mailafiya Ya Ƙi Bayarwa

Ranar da aka rubuta sunayenmu a lakwal, makarantar Nasara, zafi ake yi irin na ƙarshen damina. Iska ba ta motsi, gero ya nuna a gona, hadari ya taso daga gabas ya tsaya cak bai zubar da ko ɗigo ba. Mu goma sha tara aka tara a gindin tsamiyar ƙofar mai gari a nan Matameye, gardi biyu, dogaran Nasara, suna tsaye a kanmu. Aka ce kowane yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda ya kamo, ya isa shiga. Masu hali sun riga sun tura nasu 'ya'yan ƙauye tun da suka ji labari, mu da ba mu da mai ɓoye mu aka samu. A nan na fara zama kusa da Mailafiya.

Mailafiya ba shi da kowa sai kakarsa, Iya Habi. Ubansa Illa ya gudu daga aikin dole na hanya, ya tsallaka wajen Daura, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Uwarsa ta rasu yana goye. Iya Habi makauniya ce, amma makantar ba ta hana ta kaɗi ba, da yatsa take gane kaurin zare. Duk ranar Alhamis sai ta kai abin da ta kaɗa wajen masaƙa a bayan gari, ta hanyar da ta bi bakin kududdufi. Mailafiya ne ke jan ta. Shi a gaba riƙe da kan sanda, ita a baya, bakinsa kuwa ba ya hutawa: ga kututture, ɗaga ƙafa, ga jakin Sallau ya tare hanya, yi dama. Ita kuma tana ta tsokanarsa irin ta kaka da jika. Maigida take ce masa. In ya yi sauri sai ta ce, "Maigida, sannu mana, ko ka hango wata ce kake so ka yar da ni?" Shi kuma ya ce ai tuni ya sake ta, tsabar naci ne ya sa take biye da shi. Mutanen unguwa sun saba, tun daga nesa ake jin tahowarsu.

Lakwal ɗin ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rumfa a gaba. Malaminmu mutumin bakin teku ne, dogo, mai tsabta. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal. Da safe mu yi layi, ya duba farce da kai, mu ce bonjur gaba ɗaya. Ya ce debu mu miƙe, ya ce asi mu zauna, wani lokaci har sau ashirin, yana sauyawa don ya kama wanda ya ruɗe. Da guntayen kara muke ƙirga. Akwai wani wasa da yake yi mana, ya ɗaga ƙwarya ko takalmi ko alli ya nuna yaro. In yaron ya kasa faɗin sunan abin da Faransanci, wanda ya faɗa daidai shi zai mare shi. In marin bai yi ƙara ba, Mushe ya nuna wa mai marin yadda ake yi a kumatunsa. Aikin gida kuwa, a ce gobe kowa ya zo da sunan abu biyar na gidansu.

Mailafiya ya fi mu duka kama abu. Sau ɗaya zai ji ya riƙe. Da yamma yakan zauna gaban Iya Habi yana jera mata sunan tukunya da tabarma da mazari, ita tana dariya tana cewa Nasara ba su da aiki. A watannin farko shi ke marin mutane, kuma ba ya sa ƙarfi, sau da yawa ya sha mari a kan haka.

Bayan sanyi ya wuce wani Nasara mai duba makarantu ya zo daga Damagaram. Ya yi mana tambayoyi muka yi zuru, sai Mailafiya da wani guda suka amsa. A gabanmu ya yi wa Mushe faɗa, Mushe yana tsaye hularsa a hannu, gumi yana zuba. Kwana uku da tafiyar Nasaran, Mushe ya shigo aji da ƙashin muƙamuƙin jaki, an huda shi an zura igiya. Ya ce sunansa sambol. Duk wanda aka ji ya yi Hausa, a rataya masa. Shi kuma ya yi ta sauraro har ya ji wani ya yi, ya sami shaida ɗaya, ya cire ya rataya masa. Wanda gari ya waye ƙashin yana wuyansa, bulala goma da tsumagiyar tsamiya, sannan ya durƙusa a kan tsakuwa har a fita shan iska. Dokar kuma ba a bakin ƙofar lakwal ta tsaya ba. Har gida, har kasuwa, har bakin rijiya, duk inda ɗan lakwal ya ji ɗan'uwansa.

Mu sauran mun sami dabara. A waje mu kame baki, in mun shiga can cikin gida mu yi maganarmu. Amma dole wani ya kwana da ƙashin, kuma ba a yi sati biyu ba kowa ya gane inda ya fi sauƙin sauke shi. Gidan Iya Habi dangar kara ce, ana jin komai daga waje. Kunnenta ya fara nauyi, raɗa ba ta isa gare ta. In ka laɓe a bayan dangar ba za ka daɗe ba sai ka ji ta ce, "Maigida, ina audugata?" shi kuma ya amsa. In ba ka son laɓe, ka jira su fito hanya. Haka Mailafiya ya koma jujin kowa. A sati ɗaya yakan sha bulala sau huɗu. Rigarsa guda ce, ta riƙa mannewa a bayansa.

Ya je ya sami Mushe, ya yi masa bayani da Faransancinsa mai kyau, ya ce kakarsa ba ta gani, da baki yake jan ta. Mushe ya ce doka ɗaya ce ga kowa, shi ma da ita aka koya masa, in yana so ya huta ya koya wa tsohuwar Faransanci. Ya kuwa gwada. Ya ce mata in ya ce kaza dama ke nan, in ya ce kaza hagu. Iya Habi ta ce ita da ta kusa kabari ba za ta canza harshe ba. Sai ya koma ga sanda. Ja ɗaya a tsaya, ja biyu a yi dama, a ɗaga sanda sama a ɗaga ƙafa. Ta ce ita ba akuya ba ce da za a riƙa fizgarta. Wani lokaci ta bi, wani lokaci ta manta wanne ne wanne. Hanya ta yi shiru, aka daina jin tahowarsu. Maƙwabciyarsu Baiwa ta gaya wa uwata cewa tsohuwar tana kuka, tana cewa lakwal ta cinye mata yaro, yanzu kunyar a gan shi yana magana da ita yake ji. Ya yi mata bayanin ƙashin fiye da sau ɗaya. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda ƙashin jaki ya hana ɗa amsa wa kakarsa ba.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, babu lakwal. An yi ruwan farko mai ƙarfi kafin wayewar gari, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ƙashin yana wuyana tun Laraba. Sau biyu na sha bulala a satin nan, ban iya kwanciya rigingine. Na kira Lawwali, ɗan ajinmu, ya zama shaidata, muka tsaya a bakin lungu har suka fito, Iya Habi da ƙullin zarenta a ka. Muka bi su a baya kamar taku goma. Mailafiya ya waiwaya ya gan mu, ya ga abin da ke wuyana, ya juya ya ci gaba.

A bakin kududdufin akwai inda magina suke haƙar ƙasa. Ruwan ya ci gefen hanyar, ya zabtare kusan rabinta. Mailafiya ya gani, ya raɓa ta dama, ya ja sanda sau biyu. Iya Habi ba ta kauce ba, ta ci gaba miƙe. Ya sake ja. Na ga ya buɗe baki, ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na riga na cire igiyar daga wuyana, tana hannuna ina jira. Sai ya rufe bakin. Ta ƙara taku ɗaya, ƙasar ta tafi da ita.

Zurfin wurin ya fi tsayin mutum. Sai a lokacin ya kira ta, ya dira ramin yana ta magana, Hausa tsantsa. Na sauka ta gefen da ba shi da tsayi. Yana durƙushe cikin taɓo ya tallafo kanta, na zo ta bayansa na rataya masa ƙashin. Lawwali daga sama ya ce ya ji, shi shaida ne. Shekarata tara ko goma. Ban ce yarinta ce ta sa ba, na san abin da nake yi, bayana nake ji.

Masaƙa suka zo suka fito da ita, aka kai ta gida a kan gadon kara. Mai ɗori ya duba ya ce ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunta ba ya haɗuwa. Baiwa tana wurin lokacin da tsohuwar ta dawo hayyacinta ta nemi yaron. Ta lalubo hannunsa ta ce, "Ka ga ramin?"

Ya ce, "Na gani, Iya."

"Ka gani, ka yi shiru."

Ya ce, "Na ja sanda."

Ta saki hannun. Daga ranar ba ta ƙara ce masa Maigida ba. In tana son ruwa sai ta ce wa Baiwa a gaya wa ɗan lakwal ya kawo. Shi ke juya ta, shi ke wanke ta, yana yi mata magana da ƙarfi yadda duk mai wucewa zai ji, ita kuwa sai ta ga dama take amsawa. Ba ta ga girbin shekarar ba.

Ranar Juma'a da safe ya zo lakwal da ƙashin a wuya, ya kwanta ya karɓi goma. Asabar ma haka. Litinin ma haka. Sai muka lura ba ya neman kowa. Mu yi Hausa a gabansa, ya dube mu ya kau da kai. Rabi'u, wanda ya fi mu girma da rashin kunya, har kunnensa yake zuwa ya zage shi da Hausa, ya ce to ga shi na yi, rataya mini. Mailafiya bai ko ɗaga hannu ba. Kwana kamar goma muka samu muna magana yadda muke so, babu mai tsoron wani, mutum ɗaya yana biya mana kullum da safe, kuma babu wanda ya ce masa sannu.

Da Mushe ya gane, ya tsayar da shi gaban aji ya tambaye shi ko duk kwanakin nan bai ji kowa ya yi Hausa ba. Ya ce ya ji. Mushe ya ce to wa ye? Ya ƙi faɗa. Aka mai da bulalarsa ashirin. Bai ba da sunan kowa ba. Sai Mushe ya aika mahauta aka kawo wani ƙashin, aka zura masa igiya, wasa ya ci gaba a tsakaninmu kamar da. Na farkon kuma aka bar wa Mailafiya, yana zuwa da shi yana karɓar rabonsa har aka yi hutun damina. Da aka dawo, Mushe ya ce yaro mai taurin kai ba ya zuwa Damagaram ƙarin karatu, ko da ya fi kowa. Aka ba shi guga ya riƙa ban ruwa a lambun lakwal. Bayan shekara aka sallame shi. Ni ma ban daɗe ba, shekara biyu na yi na koma gona.

Masaƙan nan da kakarsa take kai wa zare su suka ɗauke shi. Ya iya saƙa sosai, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, mace ɗaya ta rayu, A'ishatu. Da yadin kanti ya cika kasuwa saƙa ta mutu, ya koma tufkar igiya da noma. Faransancin bai bar kansa ba. Mutane sukan kawo masa takardar asibiti ko ta ofis ya karanta a zuci ya gaya musu abin da ke ciki. Amma ban taɓa jin ya furta kalma ɗaya da baki ba. Ko jandarma ne ya yi masa magana da Faransanci, da Hausa yake mayar masa.

Mun yi shekara fiye da arba'in muna gaisawa a masallaci da wajen jana'iza, ba mu taɓa tada zancen ba. Sai da furfura ta cika mana kai, wata rana na same shi shi kaɗai a rumfarsa a kasuwa, na zauna, na ce masa na zo neman gafara a kan ranar kududdufi. Bai daina tufkar da yake yi ba. Ya ce, "Kai ba kai ke riƙe da sandar ba." Na ce duk da haka. Ya ce in je, babu komai tsakaninmu, sannan ya tambaye ni ko geron gonata ta fadama ya tsira daga tsutsa. Na tambayi A'ishatu daga baya ko ta san labarin wani ƙashi. Ta ce akwai wani tsohon ƙashi a ƙasan akwatinsa, ya hana a yar, bai taɓa gaya musu na mene ne ba.

Yanzu Mailafiya yana Kurni a gidan A'ishatu. Ƙafafu sun ƙi, ba ya zuwa kasuwa, amma yana tufka a zaure, jikokinsa suna kai igiyar Matameye.