Famfunan Malam Teku

A ofishin gyaran famfunan tuƙa-tuƙa, ba wanda ya ƙara kiransa da sunansa na yanka tun ranar da ya zuba famfo ɗari biyu da sha ɗaya a cikin teku. A ɗakin taro abin ya faru. An ja labule, an kunna majigi, Darakta ya gyara zama tsakanin baƙi biyu. Shi mai taswirar ya danna maɓalli, taswira ta buɗe a bango, sai ga ɗigo-ɗigo ja da kore sun baje a kan shuɗin ruwa, ko tsibiri babu kusa. Kowane famfo lamba biyu gare shi, ɗaya ta arewa da kudu, ɗaya ta gabas da yamma, shi kuwa ya sa ta farkon a gurbin ta biyun. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce ko ba komai waɗannan ba za su ƙafe ba. Aka yi dariya, ya zama Malam Teku.

Shi bai yi dariyar ba, kunyar ma bai ji ba. Sati uku ke nan da rasuwar matarsa, kuma tun daga lokacin komai yakan iso masa ne kamar hirar maƙwabta ta bayan katanga. Ya gyara layi ɗaya a umarnin da yake rubuta wa kwamfuta da harshen masu ƙididdiga, famfuna suka dawo tudu, ya naɗe wayar majigi.

Shekararsa takwas a kan teburin taswira. Ma'aikatan fili sukan je gindin famfo su danna waya ta ɗauki lambar wurin, shi kuma ya zuba lambobin a taswirar intanet, wadda ake jawowa kusa da yatsa. Ka taɓa jan ɗigo, ta faɗa maka unguwar da ranar da famfon ya lalace. Da ita masu gyara suke fita. Ita ce kuma yanzu take tayar da shi da safe, don gidan ba sauran mai tambayarsa ko ya karya.

Darakta ya kira shi bayan taron.

"Malam, na san halin da kake ciki. Amma kuskure ɗaya kuma, taswira ta koma hannun wani, kai ka koma sito wajen bututu."

"To, ranka ya daɗe."

Bayan wata biyu, ranar wata Juma'a, ya ga abin. Idan ɗigo suka yi kusa da juna, taswirar takan tattara su a da'ira guda ta rubuta adadinsu, in ka matso sai su watse. Wannan da'irar ta ce arba'in da ɗaya. Ya matso, ta ƙi watsewa. Ya ƙara matsowa har rufin kwano da bishiyar mangwaro suka fito. Ya san bishiyar. Gidan Auta ne, ƙanin marigayiya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda shi da kansa ya samo wa aikin fili.

A ƙarƙashin mangwaron ya same shi yana wanke babur.

"Auta, famfo arba'in da ɗaya a tsakar gidanka, amma matarka tana roƙon ruwa a maƙwabta?"

"Yaya, wallahi na je duka. Wayar ce ba ta kama lamba sai ka daɗe tsaye cikin rana kamar mai jiran mota. Na ce in na dawo gida in danna a tsanake. Ai duk ƙasa ɗaya ce."

Ya sosa ƙeya yadda yayarsa takan yi idan ta ƙona abinci. Malam Teku ya kalle shi, ya jira fushi ya zo, bai zo ba. Ya dai san in Darakta ya ga da'irar nan, aikin Auta ya ƙare.

"Zuba wa baburin mai," in ji shi.

Asabar da Lahadi suka yi suna bin famfuna, Auta yana tuƙi, shi yana riƙe da waya sama a gindin kowanne. Ashirin da tara suka samu, ruwan sama ya yanke hanyar sauran. Litinin da safe ya mayar da ashirin da taran gurabensu a taswira, ya cire sha biyun da suka rage daga tsakar gidan Auta, ya rubuta wa masu gyara sunayen unguwanninsu a takarda.

Darakta mutum ne mai ƙirga.

"Malam, ina famfo sha biyu?"

"Kuskuren hannuna ne, ranka ya daɗe."

Yanzu yana sito, kan kujerar roba mai ɗaurin waya a ƙafa ɗaya. Auta ya kai lambobin sha biyun a satin da ya biyo baya, wata sabuwar ma'aikaciya ta zuba su. Kullum da rana Auta yakan leƙo da kwanon abinci daga matarsa, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya.

Direban ofis ne dai ba ya rasa abin faɗa. Rannan ya zo ɗaukar kaya, ya jingina da ƙofa.

"Malam Teku, an tsamo ka ke nan? Yaya tudu?"

Malam Teku ya miƙa masa takarda ya sa hannu.

"Da sauƙi. Bututu, inda ka ajiye shi jiya, nan za ka same shi."