Ƙwaya Huɗu da Na Ba Gwaggo

Shekara uku jikina yana ciwo, ba wanda ya ga abin da ke ciwon. Kafaɗu, ƙugu, bayan wuya, har fatar hannu. Ni kuwa dukanci nake yi kamar uwata, in ban riƙe basilla ba, babu jakar da za ta ɗinka kanta. Mutanen unguwarmu a tsohon garin Agadas sun gama yanke mini hukunci, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce son jiki. Sai da na je Yamai wani lokotoro ya ce cutar tana da suna, fibromiyalji, ya rubuta mini magani. Ya ja mini kunne ƙwarai: ƙwaya ɗaya tak, tana sa jiri da barci, kuma kada in kuskura in ba wani, balle tsoho.

Na ce masa to, kamar ban san garinmu ba. A wurinmu wanda ya sha magani ya ji dama ba ya hana ɗan'uwa.

Wata biyu da farawa, gwaggona ta zo daga Dabaga da tsarabar rumman. Ta tarar da ni zaune ina yankan fata, ni da ta bari a kwance. Ta shafa gwiwoyinta, ta dube ni.

"Ɗiyata, ɗan sam mini abin nan naki."

Matar da ta goye ni ce. Bakina ya kasa cewa a'a. Na ƙunshe mata huɗu a takarda, na ce ɗaya za ta sha. Ta ce ta ji, irin jin da na san ta da shi.

Sai da motarsu ta tashi na tuna inda take wuni: bakin rijiyar garka, wato lambunta, tsaye, tana tare ruwa. Kuma Gwaggo ba ta taɓa yarda ƙwaya ɗaya tana aiki ba. Nan take na ɗauko waya. Na kira lambarta har yatsana ya gaji, ba rezo, kira ba ya shiga. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan ciwona, don duk inda na juya rijiyar nake gani.

Da safe na shiga motar farko. Kowane rami na hanyar sai da ya taɓa mini ƙashi, ban ko kula ba.

Na same ta a kan tabarma, idanu sun yi nauyi, tana murmushi. Biyu ta haɗiye. Ta ce ƙasa ta yi ta juyawa da ita, shi ya sa ba ta je rijiya ba, amma magani kam ya yi. Na zauna daɓas ina hamdala. Na ce ta ba ni sauran.

"Ai na ba maƙwabcinmu, mai hawan dabino. Bayansa ya dame shi."

Ban san lokacin da na kai garkarsa ba. Yana can ƙololuwar dabino, tsoho mai furfura, ba abin da ya riƙe shi sai ƙafafunsa. Na tsaya a gindi, na kasa kiransa kada ya waiwayo. Numfashi ma a hankali nake yi. Ya daɗe kafin ya sauko.

Ya gaishe ni, ya kwance bakin rawaninsa, ga su nan duka biyun. Ya ce so yake ya sha gobe da safe kafin ya hau babban dabinon, mai tsawon nan. Na karɓe su, ban ba shi wani dalili mai kyau ba, ya kuwa ji haushi.

Yanzu kwalin maganin yana ƙarƙashin yankakkun fatu. Duk wanda ya tambaya sai in ce na daina sha. Gwaggo ta san ƙarya nake, kuma tun ranar ba ta sake kawo mini rumman ba.