Yadda Aka Sauko da Sai-na-duba Zuwa Sito

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma ni na yi masa ƙofar gida, saboda haka kada wani ya zo ya ce min ban san mutumin ba. Na san shi tun yana tura babur kowace safiya kafin ya yarda ya tashi, tun 'yan biyunsa ba su yi haƙori ba. Ni mai walda ne. Karatuna bai wuce in rubuta awon taga a bayan kwali ba, amma ina da ido, kuma abin da aka yi wa maƙwabcina ya tsaya min a maƙoshi.

Sai-na-duba muke ce masa a layinmu, ni na laƙaba masa. Ka ce, "Maƙwabci, yau za a yi ruwa kuwa?" sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Sai na duba." Ran da matarsa ta tambaye shi ko ya ƙoshi, wallahi sai da ya yi jim tukuna, kamar mai sauraron abin da cikinsa zai ce. Yayarsa ta taɓa gaya min haka ya taso. In an aike shi sayen ƙwai, sai ya ɗaga kowanne a hasken rana, mai ƙwai na zaginsa, shi ko a jikinsa. Ni kuma Tartsatsi yake kirana, wai ba na buɗe baki sai na ƙona wani.

Yana aiki a wani kamfani mai shigo da injinan ban ruwa da kayan gyaransu daga ƙasashen waje. Ya fara da ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, har ya samu kujerarsa da kwamfutarsa da hatiminsa. Na daɗe ban gane abin da yake yi ba, sai wata rana ya zauna a bencin shagona ya warware min. Kafin kamfaninsu ya tura kuɗi waje, shi ne zai shiga intanet ya buɗe rajistar kamfanonin waccan ƙasar. Zai duba ko kamfanin da za a yi hulɗa da shi yana nan da rai ko an soke shi, su wane ne masu shi yanzu, ko ya sauya hannu, ko cikin sababbin masu shi akwai wanda aka hana a yi ciniki da shi. In komai lafiya, ya fitar da takardar ranar, ya buga hatimi, ya sa hannu. Banki ba ya motsi sai ya ga wannan sa hannun.

Na ce, "Au, ashe kai mai leƙen gidan mutane ne, sai dai ana biyanka."

Ya ce, "Da izini nake leƙe, Tartsatsi."

"To ni ma ka duba ni. Ina nan da rai ko an soke ni?"

"Kai ai ba sai an duba ba. Duk layin nan da ƙararka muke tashi."

Haka muke. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Farar riga kullum, alƙalami a aljihun gaba, ya fita da safe ya dawo da yamma da ledar lemo ta yara.

Rigimar ta taso ne a kan wani kamfani da suka fi daɗewa suna sayen kaya a wurinsa. Odar babba ce, ta shekara guda, jirgin ruwan da zai ɗauko kayan kuma yana da ranar tashi. Sai-na-duba ya zauna zai yi aikinsa, shafin rajistar ƙasar ya ƙi buɗewa. Ya gwada da safe, ya gwada da rana, ya gwada washegari. Wani rubutu kawai ke fitowa da yarensu, wai suna kwashe komai zuwa sabon tsari, a yi haƙuri.

Direban kamfaninsu ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, yana bakin ƙofa ya ji komai. Manaja ya sauko da kansa, da takarda a hannu.

"Malam, ga wadda ka fitar bara. Buga mata hatimi mu wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, wannan ta ce bara suna nan. Ba ta ce komai a kan bana ba."

"Mutanen nan fa na ci abinci a gidansu. Na san matar mai kamfanin, na san karensa."

"Ranka ya daɗe, kamfani yakan sauya hannu a bar karen a wurin."

Direba ya ce manaja bai yi dariya ba.

Yanzu ku ji abin da ya sa nake kumfar baki. Mutumin nan bai naɗe hannu ya ce ba ruwansa ba. A gaban idona ya yi ta fama. Ofishinsu sabis ɗin waya ba ya kamawa sosai, shagona kuwa yana gindin ƙarfen sabis, sai ya riƙa zuwa lokacin hutun rana, ko abinci bai ci ba, ya zauna a bencina ya kira ofishin rajistar can ƙasar. Sai in kashe injin yankan ƙarfe, aikina ya tsaya, mu zauna muna sauraron wani kiɗa da suke sa wa mai jira. Kiɗan nan har na haddace shi. Ina walda ina busa shi da baki, matata ta ce wace ce ta koya min.

Da aka ɗauka, wata mata ce ta yi ta zuba kamar an kunna famfo. Shi kuwa yarensu kalma biyar ya sani, uku daga ciki gaisuwa ce. Ya karɓi wayata ya kunna mai fassara, ya kara ta a bakin tasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Na ce, "Ba ni ita in yi mata bayani."

"Tartsatsi, don Allah."

"Ka ce mata mai walda na gaishe ta. In ƙofar shafin ce ta cije, ina da guduma."

Ya toshe min baki da tafin hannu. Abin da dai aka samo shi ne sai an gama gyara, kuma ba ta san rana ba. Mutanen wancan kamfanin suka ce su za su aiko da takardar shaidarsu. Ya gode musu, ya ce dokar aikinsa ba ta yarda wanda ake bincika ya kawo shaidar kansa ba. Ya rubuta wa banki yana neman wata hanya, banki ya ce a jira. Ya ce wa manaja, in har ya tabbata da mutanen, dokar kamfani ta ba shi dama ya sa hannu da kansa ya ɗauki nauyin abin. Manaja ya ce shi ba aikinsa ba ne.

Jirgi ya tashi babu kayansu. Dillalan da ke jiran injinan suka koma wani kamfanin. Ba a jima ba shafin ya buɗe, Sai-na-duba ya shiga nan take, ya tarar da komai tsaf. Kamfani na nan da rai, masu shi su ne dai na da, ko ɗigo bai sauya ba.

Ni da na ji, cewa na yi to madalla. Ashe wannan ce za ta kashe shi. Manaja ya fitar da takardar, ya tara ma'aikata, ya ɗaga ta sama ya ce, "Ku ga abin da aka ɓata mana shekara a kansa. Babu komai!" Ya miƙa hannu aka ba shi hatimi. Ya ce tunda malam yana son duba abu sosai, sito na buƙatar mai duba kwalaye.

Ku tsaya ku gaya min. In ka ɗauki mai gadi, ya hana wani shiga saboda fitila ta mutu bai ga fuskarsa ba, da aka kawo wuta sai ga shi ɗan gida ne, korar mai gadin za ka yi? Da an buɗe an tarar kamfanin ya koma hannun ɓarayi, da yanzu hotonsa na rataye a ofis, manaja na cewa shi ya horar da shi. Aikin ɗaya ne fa. Abin da ke bayan ƙofar ne kawai ya bambanta, kuma ba shi ya ajiye shi a can ba.

A ranar, ta katanga na jiyo matarsa Maman 'yan biyu tana faɗa, ita da ba a jin muryarta.

"Baban 'yan biyu, kai kaɗai ne mai gaskiya a duniya? Yaran nan bana za su gama sakandare. Tunaninsu ka yi kuwa?"

"Na yi."

"Ka yi, shi ne ka zo min da sito?"

Can na ji ta jawo teburin guga da ƙarfi. Da safe na tare ta a ƙofa na ce, "Yaya, sai haƙuri." Ta ce, "Haƙurin me? An ba shi rigar leburori wai ya riƙa sawa. Ina raye ba zai sa ta ba. Da farar riga ya shiga kamfanin nan, da ita zai riƙa zuwa, ko da hannuna zai tsage wurin wanki." Ta juya ta harare ni. "Kai kuma ka rage masa tsokana."

Na rage. Kwana biyu ko "Sai-na-duba" ban ce ba, "maƙwabci" nake cewa, har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

To shi da ya shiga sito bai zauna ba. Ya tarar an jibge kwalaye a ƙasa, danshi na cin na ƙasan, ya rubuta a yi kantocin ƙarfe na jera kaya. Aka ce a nemo mai walda mai sauƙi, sai direba ya ambace ni. Na kai kantoci, muka fara kafawa, aka ce in hau sama manaja ya sa min hannu a takardar karɓar aiki.

Na shiga ofis na tarar da shi a gaban kwamfuta ya dafe goshi. Tun da ya karɓe hatimin ba a samu wanda ya yarda ya hau kujerar ba, aikin ya dawo kansa. Wani wakilin dillalai na tsaye a kansa yana magiya. Wayar tebur kuwa an bar ta a buɗe, kuma me zan ji? Kiɗan nan. Kiɗan da na haddace.

Wakilin ya ce, "Ranka ya daɗe, shafin nasu ya sake tsayawa, amma ai ga takardar watan jiya. Su ne dai mutanen. Buga mana mu tafi."

Manaja ya ce, "Watan jiya daban, yau daban. Ban ga ta yau ba, ba zan sa sunana ba. In wani abu ya faru ni za a kama."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, ba ka ce ka san karensu ba?"

Ya ɗago. "Kai wane ne?"

"Mai walda. Maƙwabcin wanda ka tura sito saboda ya faɗi abin da ka faɗa yanzu. Ashe sunanka ne mai tsada, nasa na banza ne? Shi a kama shi ba komai?"

"Wannan daban ne."

"Ina bambancin? Ni ban yi karatu ba, fahimtar da ni."

Bai fahimtar da ni ba. Sai ya kira mai gadi, ya ce a raka ni ƙasa, in gama abin da na fara kada a ƙara ganina a harabar. Wakilin dillalai ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na rawa.

Na sauka sito ina huci, na zayyana wa Sai-na-duba komai, har da yadda manaja ya dafe goshi. Na zaci zai yi tsalle. Yana riƙe da sifana yana ɗaure kanta, ya dube ni.

"Da gaske bai buga ba?"

"Bai buga ba! Kalmominka ya ara, ko kunya babu."

"To ya yi daidai."

"Ya yi me?"

"Ya yi daidai, Tartsatsi. Da ya buga, da abin ya fi damuna."

"Kujerarka fa? Tashi mu hau tare yanzu, ka ce ya ba ka abinka!"

"Ba zai bayar ba. In ya bayar ya amsa laifi a gaban mutanen da ya tara. Kai kuma yanzu ka ƙara masa dalili." Ya miƙo min ƙarshen ƙarfe. "Riƙe nan, ya karkace."

Na riƙe. Ina ta ƙunƙuni don haushi, shi kuwa ya ɗaure nocin a hankali, ya ja baya ya kalli kantar, ya dawo ya ƙara juyi ɗaya.

Bai yi ƙarya ba, ba a mayar masa da kujerar ba. Har yau yana sito. Manaja na sama yana jiran shafi da kansa, da hatimin wani a aljihun teburinsa, kuma duk ginin babu wanda ya hau ya ce wa manaja ka yi kuskure, sai ni, ni ma an hana ni shiga.